Yaya ake saƙa labarin mutum tara a fim ɗaya ba tare da zaren ya tsinke ba?

Tambaya: Malam, ni marubuciyar littattafai ce, yanzu nake koyon rubutun fim. Kwanan nan na kalli fim ɗin Indiya mai suna Life in a... Metro. Manyan jarumansa tara ne, kowa da damuwarsa, amma ban rikice ba ko sau ɗaya, kuma na yi dariya na yi hawaye a zama guda. Sai na gwada rubuta irinsa a kan wani gidan haya a Kano, mai mutum goma sha biyu da wani mai gida mai tsananin karɓar kuɗin haya. Da na kai rabi sai labarin ya watse mini. Me ya riƙe wancan fim da ya kasa riƙe nawa? Kuma irin wannan zubin zai karɓu a wajen masu kallonmu?

Amsa: Ƙanwata, kin zaɓi fim mai daɗin koyo, domin ɗinkinsa ba a ɓoye yake ba. Duk wanda ya juya rigar zai ga inda allura ta bi. Anurag Basu ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, kamfanin UTV ya fitar da shi a 2007. Kalmar Metro da ke cikin sunan babban birni take nufi, wato Mumbai, ba jirgin zamani na cikin gari ba, domin layin farko na wannan jirgin sai a 2014 ya fara aiki a can. Jiragen da kike gani a fim ɗin tsofaffin jiragen ƙasa ne na kewayen birnin, waɗanda ke kwasar mutum sama da miliyan 7 a kowace rana. Ki riƙe wannan a ranki, don birnin da cunkosonsa su ne rabin labarin.

Bari mu fara da abin da kika ce bai rikita ki ba. Ɗauki takarda ki rubuta sunan Shikha a tsakiya, wadda Shilpa Shetty ta fito a matsayinta. Mijinta shi ne Ranjeet, wato Kay Kay Menon, kuma zamansu ya koma na doya da manja. Ranjeet babba ne a wata cibiyar amsa kiran waya, yana neman wata yarinya da ke aiki a ƙarƙashinsa, Neha, wato Kangana Ranaut. Inda suke haɗuwa kuwa ɗakin wani ƙaramin ma'aikacinsa ne, Rahul, wato Sharman Joshi, wanda ke ba manyansa aron makullinsa don neman ƙarin girma, kuma shi Rahul ɗin Neha yake so a ransa bai san ita ake kaiwa ɗakin nasa ba. Neha na zaune gida ɗaya da Shruti, wato Konkona Sen Sharma. Shruti kuwa 'yar'uwar Shikha ce ciki ɗaya. Kin ga zobe ya rufe. Daga gefe akwai tsohuwar malamar rawar Shikha, Shivani, wato Nafisa Ali, da ke zaune a gidan kula da tsofaffi, wadda masoyinta na ƙuruciya, Amol, wato Dharmendra, ya dawo mata daga Amurka bayan shekara 40. A hanyar zuwa duba wannan malama ne Shikha ta haɗu da Akash, ɗan wasan daɓe da duniya ba ta yi wa daɗi ba, wato Shiney Ahuja. Sai na tara, Monty, wato marigayi Irrfan Khan, wanda Shruti ta samo a shafin haɗa aure na intanet.

Yanzu dubi igiyoyin da suka ɗaure su. Aure, jini, zaman ɗaki ɗaya, ubangida da yaronsa, malama da ɗalibarta. Duk dangantaka ce da mutum ba ya iya tashi da safe ya ce ya fasa. Arashi na gaske a fim ɗin kaɗan ne: haɗuwar Shikha da Akash a hanya, da sake cin karon Shruti da Monty bayan ta riga ta ce ba ta yi. Sauran duk dole ce ta rayuwa take tura wannan ƙofar wancan.

A nan nake zaton naki ya fara kwancewa, domin na karanta rubuce-rubucen masu koyo da yawa masu irin wannan zubi, kuma ciwon kusan iri ɗaya ne. Ana tara mutane a wuri guda a ɗauka an haɗa su. Gidan haya ya haɗa su a adireshi kawai. In babu abin da na ɗaki na uku yake nema a hannun na ɗaki na bakwai, zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gabansa. Marubuci in ya ga haka sai ya fara ƙirƙiro karo a bakin rijiya, ko hatsarin babur, ko wasiƙar da ta faɗa hannun da bai dace ba. Mai kallo yana yafe arashi ɗaya a farkon fim, yana iya haƙuri da na biyu, a na uku ya gane hannun marubuci ne ke jujjuya mutanen kamar 'yar tsana.

Abin da ya fi komai riƙe fim ɗin Basu ƙaramin ƙarfe ne, makullin ɗakin Rahul. A Mumbai muhalli tsada gare shi ta fitar hankali, iyalai da yawa a ɗaki ɗaya ko biyu suke cushe, don haka ɗakin da babu kowa a ciki na 'yan awoyi dukiya ne. Yaron da ba shi da kuɗi ba shi da uwa a gindin murhu, abin da yake da shi na sayarwa ke nan. Duk lokacin da makullin nan ya sauya hannu, wani ya ci riba, wani ya kwana a waje, wata kuma tana gida tana jiran mijin da ya ce mata aiki ya riƙe shi. Abu guda ya taɓa mutum huɗu ko biyar a dare ɗaya, kuma ba a buƙaci kowa ya tsaya yana bayani ba.

Dole in faɗa miki cewa dabarar makullin ba ta Basu ba ce. Ya ɗauko ta ne daga The Apartment na Billy Wilder, fim ɗin Amurka na 1960 da ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, inda Jack Lemmon ya fito a ƙaramin ma'aikacin kamfanin inshora a New York mai ba manyansa aron ɗakinsa. Har yunƙurin yarinyar na kashe kanta a ɗakin yana can. Masu sharhi sun faɗi haka tun fitowar fim ɗin, kuma gaskiya suka faɗa. Amma akwai abin da Basu ya ƙara wanda nake so ki tsaya a kansa. A fim ɗin Wilder, matar ubangidan kusan ba a ganinta. Suna ce kawai, uzuri ce da mijin ke kawowa in yarinyar ta matsa masa da maganar aure. Basu ya tambayi kansa: ita wannan matar, in mijin ya fita, me take yi da yininta? Wa take da shi? Me ta bari don ta yi wannan auren? Daga amsar nan Shikha ta fito, mace mai ilimi da ta ajiye aikinta ta zauna rainon 'ya, daga Shikha aka sami 'yar'uwarta, aka sami malamarta, aka sami baƙon da ke sauraronta a hanya. Fim mai jarumai da yawa haka yake tsiro. Ana ɗaukar wanda yake ɗan rakiya a labarin wani, a bi shi gida, a tarar shi ma a can shi ne jarumi.

Abu na biyu shi ne rabon sani. A kusan kowace fitowa, ke mai kallo kin fi duk wanda ke cikin hoton sanin abin da ake ciki. Kin san wanda Neha ke ɓoyewa mijin 'yar'uwar ƙawarta ne, tun kafin Shruti ta sani. Kin san wa Rahul ke miƙa wa makulli da kuma wa za a kai ɗakin, shi bai sani ba. Wannan ne ya sa ba ki rikice ba, domin a duk lokacin da aka bar wani labari aka koma wani, kina tafe da tambayar da kike jiran amsarta: yaushe za ta gane? Kuma daga wannan rijiyar ake ɗebo dariya da fargaba gaba ɗaya. Ki tuna wurin da Ranjeet ya zaci asirinsa ya riga ya tonu, ya yi saurin amsa laifinsa a gaban matarsa, ita kuma ta ga ai lokacin faɗin gaskiya ne ta gaya masa ta saba da wani, ko da yake abin bai kai inda nasa ya kai ba. Nan take mai neman gafara ya rikiɗe ya zama alƙali. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nata. Ba na jin akwai mace a ƙasar nan da za ta kalli wannan wurin ta ce ba ta san irin mutumin ba. Kay Kay Menon bai nemi mu so shi ba ko kaɗan, kuma wannan jarumta ce a wajen ɗan wasa.

Sai maganar dariya, wadda ita na fi son mu daɗe a kai, don a nan ne rubutunmu ya fi rauni.

Monty ba ya ba da dariya da gangan. Mutum ne da shekaru suka fara ja masa bai yi aure ba, ya ga 'yan mata da yawa ba a dace ba, bai iya zance ba, abin da ke ransa shi ke bakinsa. A haɗuwarsu ta farko idonsa ya ƙi tsayawa inda ya kamata, Shruti ta tashi tana ganin ta haɗu da mutumin banza. Irrfan Khan ya yi wasan da fuskar mai gaskiya, ko sau ɗaya bai kalli kyamara ya nuna mana ya san abin dariya yake yi ba. Shi a ganinsa magana mai hankali yake faɗa. Abin da ke ba mu dariya shi ne tazarar da ke tsakanin yadda yake ganin kansa da yadda ake ganinsa, kuma wannan tazarar ita ce dai ke ba mu tausayinsa daga baya. Ita ma Shruti haka. Tana dab da shekara 30, kowa na tambayar yaushe, irin tambayar da ke kanki kin san yadda take sukar 'yan matanmu a gidan biki da gidan suna. Ta ƙera wa kanta hoton mijin da take so, ta maƙale wa wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon da take aiki, abin ya ƙare mata da kunya. Tsaurin kanta abin dariya ne, amma tsoro ne a ƙarƙashinsa.

Akwai fitowar da Monty ya hau da ita saman bene ya ce ta kurma ihu ta fitar da abin da ke cinta. Ta fara a kunyace, muna murmushi. Ihun ya ƙaru, muna dariya. Kafin mu ankara ya koma kuka. Kyamara ba ta motsa zuwa wani wuri ba, ba a sako wani sabon mutum ba, a cikin numfashi ɗaya abin ya juye. In kina son sanin me ake nufi da fim mai haɗa raha da damuwa, wannan minti biyun ya ishe ki makaranta. A 2008, a bikin kyautar finafinan Indiya na Filmfare, Irrfan da Konkona duka sun ci kyautar mataimakan jarumai, Basu kuma ya ci ta tsara labari. Ni a wajena labarin mutum biyun nan shi ne zuciyar fim ɗin.

Mu kuma mun gaji wata al'ada daban. A yawancin finafinanmu ana ajiye ɗan barkwanci gefe, in labari ya yi nauyi sai a sako shi ya yi nasa na minti biyar, a koma inda aka tsaya. Ba raina camama nake ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro gwani ne na gaske, ya san lokacin da zai saki magana da lokacin da zai yi shiru fiye da yawancin waɗanda suka yi karatun abin, kuma camama fage ne mai zaman kansa. Amma a irin fim ɗin da kike son rubutawa, wannan tsarin kashe shi yake yi. Gwajin mai sauƙi ne. Cire fitowar ban dariyar ki karanta labarin. In babu abin da ya ragu, faci ce kika liƙa. A fim ɗin Basu in kika cire shirmen Monty kin cire dalilin da ya sa Shruti ta sauko daga dokin girman kanta. Har hawansa doki da kayan angonci yana kutsawa cikin titi yana binta, abin dariya ne ƙwarai, amma shi ne kuma lokacin da mutumin da kullum ake zaɓa masa ya zaɓa wa kansa.

Waƙoƙin ma aiki suke yi. Pritam ne ya yi kiɗan, kuma maimakon jarumai su tashi su yi rawa suna motsa baki, shi da abokan waƙarsa, ciki har da James ɗan Bangladesh, su ne ke bayyana a gefen titi ko saman gini suna rerawa, jaruman na wucewa ba su ma san da su ba. A cikin waƙa guda ta minti huɗu ko biyar kyamara na leƙa kowa: wannan na cikin jirgi, waccan na kwance ido biyu, wancan na tsaye a ruwa. Da an gama kin san inda kowane labari ya kwana ba tare da an ce uffan ba. Ni dai ina ganin an nuna mawaƙan fiye da kima, akwai wurare biyu ko uku da fitowarsu ta tsinka mini tunani. Duk da haka dabarar ta cancanci mu yi nazarinta, musamman mu da rawa da waƙa a fim ta daɗe tana jawo mana ce-ce-ku-ce. Ga hanyar da waƙa za ta shiga fim ta ɗauki kaya, ba tare da an haɗa saurayi da budurwa a fili suna juyi ba.

Haka ruwan sama. Damina a Mumbai daga Yuni zuwa Satumba take, kuma ba ta wasa ba ce. Ranar 26 ga Yuli 2005, shekara biyu kafin fim ɗin, ruwan da ya sauka a wani sashen birnin cikin awa 24 ya kai milimita 944, gari ya tsaya cak, ɗaruruwan mutane suka rasu. Mutanen birnin sun san ruwa a matsayin abin da ke faɗa wa kowa lokaci guda, mai mota da mai tafiya a ƙasa. Ga mai tace hoto kuwa kyauta ce. In ruwa na dukan tagar Shikha, aka yanka zuwa Rahul a jiƙe a bakin titi, ba sai an rubuta "a daidai wannan lokaci" a ƙasan allo ba.

Fim ɗin yana da nasa raunin, kuma raunin zai amfane ki. Yi lissafi: tsawonsa awa biyu da 'yan mintoci. Cire waƙoƙi, raba abin da ya rage gida huɗu, kowane labari bai wuce rabin awa ba. A cikin wannan ɗan lokacin dole a gabatar da mutum, a sa shi a matsala, a sauya shi. Wani dole ya cutu a rabon, kuma a nan tsofaffin ne suka cutu. Amol da Shivani sun sami fitowa kaɗan, an yi saurin kai su ƙarshe, inda ta cika a hanyar asibiti motar ta maƙale a cunkoso. Wurin yana taɓa zuciya, amma rabin nauyinsa ba rubutu ne ya ɗauke shi ba, fuskar Dharmendra ce. Yana da shekara 71 a lokacin, kuma mai kallo ya shigo da ƙaunar shekara arba'in da yake yi masa. Iyayenmu da suka kalle shi yana saurayi a silimun Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba ba sa buƙatar a gaya musu wane ne wannan dattijon. Ke ba lallai ki sami jarumin da zai biya miki bashin da rubutu ya bari ba. Shi ma mai gabatar da shirin rediyon an yi amfani da shi ne kawai a matsayin tsani, da Shruti ta taka ta wuce sai fim ya manta da shi.

Ƙarshen Shikha kuwa har yau yana ci mini rai. Ta je ta yi sallama da Akash ta koma gidan mijin da bai nuna wata nadama ta kirki ba, wanda ya dawo ne don yarinyar ta bar shi. Na yarda da komawar, mace mai 'ya a irin wannan hali sau da yawa haka take yi, a can da nan. Kuma Basu bai buga mata tambarin nasara ba, fuskar Shilpa Shetty a wurin ba ta mai farin ciki ba ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne arhar da Ranjeet ya samu. Fim ɗin ya yi mana alƙawarin hisabi tun farko, ya zo ya sallame shi da ɗan kunya kawai.

Rufe irin wannan fim wahala gare shi, shi ya sa masu yinsa kan nemo abu guda da zai girgiza kowa. Robert Altman a Short Cuts na 1993, mai jarumai sama da 20 a Los Angeles, girgizar ƙasa ya kawo. Basu ya tattaro masu rai a tashar jirgin ƙasa, wanda ya dace da birnin da jirgi ne jijiyarsa. Ke ma sai kin san tun kafin ki fara wane wuri ne ko wace rana ce za ta tara mutanenki ba tare da kin ja su da igiya ba.

To, zai karɓu a wajenmu? Zai karɓu. Masu kallon da suka bi Daɗin Kowa a Arewa24 shekara da shekaru, suna riƙe da sunayen gidaje da dama da rigimar kowane gida, ba za a ce musu mutum takwas sun yi yawa ba. Sai dai shiri mai dogon zango yana da makonni, fim kuwa zama ɗaya ne. Goma sha biyun nan naki sun yi yawa, taura biyu ma ba ta taunuwa balle goma sha biyu. Ki rage su zuwa bakwai ko takwas, a labari uku, in ya yi yawa huɗu. Sau da yawa za ki tarar mutum biyu aiki ɗaya suke yi a labarin, sai ki narkar da su su zama ɗaya. Ta fuskar kuɗi ma zubin yana da sauƙin da furodusoshi ba su cika lura da shi ba: gida ɗaya ne wurin ɗauka, kuma kowane babban jarumi kwanaki kaɗan ake buƙatarsa, tunda ba shi ke ɗauke da fim ɗin duka ba.

Kada ki ɗauko ɗakin Rahul ki dasa a Kano. Ban da cewa Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda ke aiki tun 2001, ba za ta bar shi ya wuce ba, ba ma shi ne ciwon gidan hayarmu ba. Tambayi kanki mene ne makullin gidan naki, wane abu ne ke yawo daga hannu zuwa hannu yana ɗaure mutane. Ni da zan zaɓa miki, adashe zan ce. Matan gidan na zubi, uwar adashe na ɗaki na farko. Kwasar wannan watan ta mai shirin aurar da 'ya ce, har ta riga ta yi wa kafinta alƙawari. Amma uwar adashen ta ba mijinta aron kuɗin a ɓoye, shi kuwa an sallame shi daga aiki wata biyu da suka wuce bai gaya wa kowa ba, kullum yana saka kaya masu guga ya fita da safe ya je ya zauna a rumfar mai cajin waya har la'asar. Mai cajin wayar shi ne ke neman 'yar da za a aurar. Kin ga ban ƙirƙiro karo ko ɗaya ba, kuma mutum biyar sun riga sun shiga wuyan juna. Mutumin da ke fita da jaka ba shi da ofis zai ba da dariya har a riƙe ciki, ranar da 'yarsa ta biyo ta rumfar ta gan shi kuma babu mai dariya. Akwai mita ɗaya ta wuta da ake rigimar kuɗinta, akwai dillaliya da ke shiga kowane ɗaki ta fito da kaya da labari, akwai ɗan ga-ruwa da ya san wanda ya biya da wanda ya ce a rubuta. Ruwan samanki kuma yana iya zama watan azumi: kowa na tashi sahur lokaci guda, kowa na jiran kiran magariba, kuɗi na ƙarewa, Sallah na matsowa da ɗinkinta da buƙatunta. Kiran sallah ɗaya da aka ji a ɗakuna huɗu ya ishe ki gadar da za ki tsallaka daga wannan labari zuwa wancan.

Wajen aikin kansa, kada ki fara da saƙawa. Rubuta kowane labari shi kaɗai a shafi ɗaya, daga farko har ƙarshe, kamar shi ne fim ɗin. A saman shafin ki rubuta abin da mutumin yake so, da abin da yake ɓoyewa, da wanda zai fi cutuwa in abin ya fito. Wanda ya kasa tsayawa da ƙafarsa a shafi ɗaya, saƙa ba za ta cece shi ba. Bayan nan ki yanka kowane labari fitowa-fitowa a kan ƙananan katuna, kowane labari da launinsa, ki shimfiɗa a tabarma. Idonki zai nuna miki inda launi ɗaya ya ɓace na tsawon lokaci. Ni ba na barin labari ya yi shiru fiye da kamar minti goma sha biyar, don bayan haka mai kallo ya fara mantawa da abin da yake jira. A bayan kowane kati kuma ki rubuta wa ya san me a wannan lokacin. Wannan ne aikin da ya fi gajiyarwa, kuma shi ne wanda in kika tsallake za ki tarar wata tana fushi a kan abin da ba a gaya mata ba tukuna.

A tambayarki kin ce mai gidan yana da tsananin karɓar haya, ba ki ƙara komai a kansa ba, kuma ina zargin haka yake a rubutun: yana shigowa ya yi faɗa ya fita. Ki bi shi gida. Ina kuɗin hayar nan ke tafiya da ba ya iya ɗaga wa kowa ƙafa ko na mako guda? Wa ke jiransa a can? In yana da mata, rubuto mini shafi ɗaya a kanta, yadda take yini daga asuba zuwa isha, da wanda ta sani a cikin 'yan hayar ba tare da mijinta ya san ta san shi ba. Ki turo mini wannan shafin kafin ki taɓa sauran.